Ƙullin Zariyar Hamza

Yau shekara goma sha huɗu da rasuwar ƙanina Hamza. Sai da na ƙirga sau uku kafin in rubuta, don kada in ƙara masa ko in rage.

Ni kafinta ne a unguwar Ƙuba, nan birnin Manzo, karatuna a firamare ya tsaya. Shi kuwa mai zanen gine-gine ne a wani maktab, wato ofis. Abin da ya haɗa aikinmu shi ne roshan, tagar katako mai ƙananan ramuka, wadda na ciki ke ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Shi ya zana, ni in sassaƙa.

A shekarunsa na ƙarshe ya samo wata manhaja a kwamfuta. Akwai wani ɗan layi mai maɓalli a kai. Ka ja shi dama, ramukan tagar su buɗe, ka ja hagu su tsuke. Hamza ya sa masa suna zariya, wai kamar ta wando.

Wata rana yana zana wa Hajiya Rabi ta unguwar Ƙiblatain taga, gida mai 'yan mata huɗu, sai ya tashi ɗauko shayi. Na ga ƙura a kan linzamin kwamfutar, na kai hannu zan goge, yatsana ya danne, zariya ta motsa. Na yi ta ja ina mayarwa, alhali ban san lambar da take kai ba tun farko. Ya dawo ya buga zanen ya miƙo mini, na karɓa na ɓoye masa abin da na yi.

Na yi tagar, aka kafa. In ramukan sun yi faɗi, duk idon da ya shiga gidan nan alhakinsa a wuyana yake. Sai na fara zuwa bayan La'asar ina gwadawa, daga nesa, daga kusa, a tsaye, a tsugune. Rana ta biyar na manna ido ɗaya a jikin katakon, sai murya daga ciki:

"Ya Hajji, haram alaik, ka ji tsoron Allah! Da furfurarka?"

Ashe kwana biyar Hajiya tana kallona sarai, ni ko inuwarta ban gani ba.

Ta kira Hamza, dole na faɗa masa komai. Ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa.

"Yaya, wa ke sa zariya ba ƙulli? Na ɗaure ta farko da ƙarshe. Duk inda ka ja ta, ramin ba ya kai girman da ido zai shiga. Tun ranar da ka fara zama kusa da kwamfutar na ƙara matse ta."

Yanzu 'yarsa Asma'u ce ke wannan aiki. Zariya goma take ja a lokaci ɗaya, zanen bene ya murɗe kamar igiya. Da yana nan, na san sai ya ture ta a kujera ya ce shi ma zai taɓa. Ni dai tambayata ɗaya ce, ko ta yi ƙulli. Takan ce, "Aiwa ya Ammi, khalas," wato eh Baffa, an gama, amma ban ga ta duba ba.

Tagogin da muka yi da yawa an cire su an sa gilashi. Abin da ya rage mini shi ne wannan: Hamza ya san hannuna ba ya zama wuri ɗaya, ya san zuciyata ba ta ɗaukar kuskure, kuma bai taɓa ce mini in matsa daga kusa da shi ba. Allah Ya yalwata masa kabarinsa, wannan kam ba sai an sa iyaka ba.