Makokin Mai Gyaran Jirgi

Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana ya karɓi gaisuwar mutuwar ɗana, alhali yaron yana can da ransa, kwance ƙarƙashin jirgi da sifana a hannu. Abin da ya yi mini ke nan, kuma ba labari aka ba ni ba, da idona na gani. Allah ya sa abin ya ƙare da dariya, har yau in na tuna sai na yi hamdala. Amma dariyar ba ta wanke shi ba.

Ni mai gyaran injin ban ruwa ne a unguwar Firchin cikin Jega. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Da mahaifinmu ya rasu wana ya riƙe gonar Aliero, ni aka tura ni gareji, shi ya zama Alhaji mai loda albasa zuwa kudu, ni na zama mai baƙin farce. Ban ce an cuce ni ba, ban kuma ce ba a cuce ni ba.

Yaron ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma cewa ɗana a cikin mutane, sai dai yaron nan. Duk abin da ya shafe shi a bainar jama'a na wan uba ne. Ni na sayi ragon suna, wana aka yi wa barka. Shi ya karɓi auren yaron. Da yaron ya shiga sojan sama aka tura shi koyon gyaran jirgin yaƙi, gidan wana mutane suka cika, ni ina rumfata ina wanke kafireto. Ban taɓa ganin laifin haka ba, haka muka iske ana yi.

In yaron ya zo hutu, ba ma zama mu fuskanci juna. Yakan shigo rumfa ya ɗauki wani mataccen inji ya kama kwancewa, yana magana kamar da injin yake, ni kuma ina ji kamar ba na ji. A haka na san aikinsa. Ya ce jirgin yaƙi in ya tashi na ɗan lokaci ya sauko, aikin da za a yi masa ya ninka tafiyar sau da yawa. Akwai ƙarfen da za ka gani fes kamar sabo, amma in ya cika sa'o'insa dole a cire shi, ko da bai nuna komai ba. Ni da nake ɗaure fulogi da waya in ce wa manomi ya je zai kai shi girbi, sai na duƙa kan aikina. Ya ce kullum da safe sukan jeru su bi titin jirgi suna tsintar tsakuwa, don guda ɗaya in ta shiga inji ta gama da shi. Sifana kuwa ana ƙirga su kafin aiki da bayan aiki, in ɗaya ta ɓace ba jirgin da zai motsa sai an gan ta.

Abin da ya fi damunsa shi ne kayan gyara. Ba a Jega ake sayensu ba, ba a Kano ba, sai ƙasar da ta ƙera jirgin, kuma ana iya yin watanni ana jira. Kafin su iso sai a ciri na wannan jirgi a sa wa wancan, ɗaya ya tashi ɗaya ya kwanta. Wannan kam na gane shi sarai, don bayan rumfata akwai injuna da na cinye su da rai don wasu su yi aiki. Na taɓa tambayar injin da ke gabana, ba shi ba, ko mai gyara yana shiga jirgin. Ya yi dariya ya ce kujera ɗaya ce, wani jirgin biyu, kuma ta matuƙa ce. Mai gyara a ƙasa yake, ya ɗaga wa matuƙi hannu, ya tsaya yana addu'a har ya dawo.

Wana bai taɓa zama ya ji wannan ba. A kasuwar albasa ta Aliero, in jirgi ya gifta sama da ƙararsa, sai ya nuna da sanda ya ce ɗansu ne ke ciki zai je ya yi wa ɓarayin daji ruwan wuta. Mutane har ni suke tarewa su tambaye ni me ya sa jirgin yaronmu bai zo dajinsu ba. Nakan ce su tambayi Alhaji.

Ranar da abin ya faru ina wata fadama wajen Maiyama, cikin rani, albasa na neman ruwa, injin wani manomi ya ƙi ja. Na kwance shi ke nan waya ta yi ƙara. Wani abokin cinikina ne, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ya ce Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba ni haƙuri. Na tambaye shi wa ya mutu. Sai ya ce ashe ban sani ba, ya kashe wayar. Na bar injin a buɗe, noti a warwatse cikin ƙasa, na hau kabu-kabu. Har muka shigo Jega ban san ko na yi wa mai babur magana ba.

Tun daga bakin layi na hango rumfa. An kafa ta a ƙofar gidana, an jera tabarmi da butoci, mutane sun cika. Wana na zaune a tsakiya kan darduma da farar riga, casbi a hannu, ana durƙusawa gabansa ana shafa fatiha. Daga cikin gida kukan mata ke tashi. Da ya gan ni sai ya matsa kaɗan ya nuna mini gefensa, ya ce in zauna, Allah ya karɓi abinsa.

Ban zauna ba. Na tambaye shi wa ya kawo labari. Ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne, hayaƙi baƙi na tashi a wani fili, ga ɓaraguzan ƙarfe, wata murya tana cewa jirgin yaƙi ya faɗi ba wanda ya fita. Ba sunan gari, ba sunan kowa. Na ce to ina yaron a nan? Ya ce kwanaki ke nan wayar yaron a kashe, matarsa ta kira, uwarsa ta kira, shi ma ya kira. Kuma irin jirgin ne sak da wanda yaron ya ɗauki hoto a gabansa.

Na ce, “Yaya, yaron nan ba ya shiga jirgi. Gyara shika yi.”

Ya dube ni kamar na yi wauta. “Kai da Allah. Wace mota ta ka tahiya Ikko ba makanike ciki? Shekara nawa ina loda tirela? In ta lalace bisa hanya wa ka gyara ta? Balle abin da ka tahiya sama.”

Mutanen da ke wurin suka gyaɗa kai, don duk wanda ya san lodin albasa ya san haka ake yi. Gaskiya ni ma maganar ta shige ni. Na ce a raina, in an gama gyara fa, ba a ɗaukar mai gyara a gwada da shi? Ni ma ai ba na barin inji sai na ga ruwa ya fito. Tabarmar na nan gabana, kuma na san in na zauna a kanta na yarda ke nan ya mutu.

Na wuce cikin gida. Uwar yaron na kwance, an riƙe ta, hawan jininta ya tashi, ba ta ma gane ni ba da farko. Matar yaron, da cikinta ya tsufa, an riga an cire mata 'yan kunne, wata gwaggo na karanta mata sharuɗɗan takaba. An ɗora babbar tukunya ta sadaka. Duk wannan an yi shi ne tsakanin hantsi da azahar, ba wanda ya ce a jira mai gidan. Na tambayi yarinyar abin da mijinta ya gaya mata na ƙarshe. Cikin kuka ta ce ya ce za su shiga wani aiki, kada ta damu in ba ta same shi ba. Ta gaya wa Alhaji haka, ya ce ai aikin ke nan da ya tafi da shi.

Da na fito na ji ana ƙus-ƙus. Wai ban yarda da ƙaddara ba, wai ba ni da kunya, ina rawar jiki a kan ɗan fari. Liman ne kawai ya ja ni gefe ya ce Alhaji ya nemi a yi sallar gawa ko ba gawa, shi kuma ya ce sai an sami tabbas. Allah ya saka wa wannan dattijo.

Na tuna da wani tsoho a Kimba da nake yi wa gyara, wanda ya yi aikin tuƙa mota a barikin sojan sama kafin ya yi ritaya ya koma noma. Na same shi a gona. Bai yi mini gaisuwa ba, bai kuma ce in kwantar da hankali ba, ya dai kalli bidiyon ya ce shi bai ji komai a rediyo ba. Ya kira wani, wanin ya ba shi lambar wani, har aka kai ga wanda ke gadin ƙofar inda ake gyaran jiragen. Aka ce za a isar da saƙo in sun fito salla. Muka zauna bakin rijiya, tsohon yana ba ni labarin yadda tsutsa ta ci masa albasa bara, ni ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

“Baba, lahiya? An ce ana biɗata gida.”

Da na ji muryar yaron sai na sauke wayar daga kunne. Tsohon ya karɓi wayar ya gaya masa abin da ake ciki, sannan ya mayar mini. Yaron ya yi salati, sai kuma dariya ta ƙwace masa. Ya ce ba jirgin da ya faɗi, wannan bidiyon ya daɗe yana yawo, ba ma a ƙasar nan aka ɗauke shi ba. Ya ce jirgin da yake kula da shi ko inji babu a cikinsa, an sauke shi yana kan ƙarfe tun kafin damina ana jiran wani abu daga waje. Da kayan suka iso sai suka zo tare da masu ƙera jirgin, za su cire tsofaffin agogunan gaban matuƙi su sa allo kamar na talabijin, da wani ido da ke gani cikin duhu. Shi ya sa ake karɓe wayoyi a ƙofa, ba a ma barin su su koma masauki da su sai an gama.

“Baba, jirgin da anka ce ya hwaɗi, ko tashi bai iya yi. Sai an tura shi awa amalanke.”

Tun da na fara wannan sana'a nake zagin rashin kayan gyara. Ranar na gode wa Allah da ya yi shi. Na zauna a ƙasa cikin kunyar albasa na yi ta dariya, hawaye na zuba, tsohon ya juya baya ya kama gyaran tiyo don kada in ji kunya.

Na ce wa yaron kada ya kashe, na hau babur da wayar a kunne har Jega. Na ratsa ta tsakiyar masu gaisuwa ban cire takalmi ba, na kai wa uwarsa. Da ta ji muryarsa ta tashi zaune da kanta, ta fara da kuka ta ƙare da faɗa, wai me ya hana shi aron waya tun farko. Matarsa ta mayar da 'yan kunnenta. Kuka ya koma guɗa. Shinkafar sadaka kuwa ba a zubar ba, waɗanda suka zo gaisuwa su suka cinye ta, wani maƙwabcina yana cewa bai taɓa cin abincin makoki mai daɗin wannan ba. Ni ma na ci, na ƙara.

Kafin a naɗe tabarmi wana ya shiga motarsa ya koma Aliero. Bai shiga ya duba uwar yaron ba. Daga baya na ji yana gaya wa mutane cewa shi ya yi abin da ya wajaba a kan babba, kuma addu'ar da aka tara ce ta kare yaron. Na jira ya zo ko ya aiko, bai yi ba. Matar yaron ta haihu lafiya, Allah ya taimake mu, duk da ungozoma ta ce firgicin ya kusa jawo abin kafin lokaci. Sai ga saƙo daga Aliero, wai Alhaji ya ce a sanar da shi ranar suna don ya zaɓi sunan da za a sa.

Na rufe rumfa na tafi. Na iske shi a kasuwa kan benci, ana ɗinke buhuna ana loda tirela, dillalai kewaye da shi. Na gaishe shi yadda ƙane ke gaida wa, na durƙusa. Ya ce in zauna, na ce a tsaye zan yi. Ya ce in maganar rannan ce ai ta wuce, yaron nan nasa ne, shi ya fi kowa jin zafin abin. Ban rage murya ba, don ina so dillalan su ji.

“Yaya, ba naka na ba. Ɗana na, ni na haihe shi, yau na hwaɗi da bakina kowa shi ji. Kunyar da ni kai maka ita ta sa ka binne shi da rai, to ta ƙare. Ka zo suna ka ci tuwo awa kowa. Amma daga yau, haihuwa ko mutuwa, ba mai shimhiɗa tabarma ƙohwar gidana sai ni na ce a shimhiɗa.”