Garwashin Kaka Zainabu

Shekarar da aka kawo kuran, wato wutar lantarki, layinmu a unguwar Talaje, ita ce shekarar da Kawu Isufu ya shigo gida da tele da magneto, na'urar kallon kaset ɗin bidiyo, a bayan taksinsa. Ina ɗan shekara tara ko goma. Na fara da wannan shekarar ne domin a cikinta aka ɗauki muryar kakata a kaset. Na riƙe muryar nan fiye da shekara talatin, sannan ta kuɓuce mini bara, da rana tsaka, ina zaune ina shan shayi.

Kaka Zainabu mahaifiyar babana ce. Daga ƙasar Arewa ta biyo ɗanta zuwa Yamai, lokacin da ya sami wurin ajiye keken ɗinkinsa a kasuwar Mawre. Ƙosai take sayarwa da safe, saboda haka bayan sallar isha tana gindin murhu tana gyaran wake. Mu yaran gida da na maƙwabta mukan kewaye ta, hayaƙi yana shigar mana ido, ba mai tashi. Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, yau ma ka zo hannu wofi? Ko goro ɗaya babu, kuma kana son tatsuniya?"

"Gobe zan kawo, Kaka."

"Goben nan taka ta fi gulbi tsawo. Matso, kar sauro ya raba ni da miji."

Da tele ta zo, sai tabarmarmu ta juya wa murhu baya. Kawu yakan yi hayar kaset ɗin bidiyo a Mawre, wurin wani Bazabarme mai suna Hamadu. Dokarsa biyu ce. Kaset ya koma kafin azahar ta gobe, kuma a maido da zarensa farko, don wanda zai ɗauka bayanka. Yakan ce da Hausarsa ta kasuwa, "Kaset baƙo ne, Isufu. Kwana ɗaya yana yi, yana komawa gida." Fim ɗin Indiya da na ƴan karate su ne kayan marmari. Tsakar gidanmu yakan cika har mutane su hau bakin rijiya. Ba mai jin harshen, amma kowa yana fassara wa na kusa da shi, kuma kowa da tasa fassarar.

Kaka ba ta yi fushi ba. Ta ci gaba da gyaran wakenta ita kaɗai. Idan muka fashe da dariya, sai ta ɗaga kai ta duba, ta mayar.

Abin da ya mayar da mu wurinta shi ne ɗaukewar kuran. A lokacin zafi, ana tsakiyar fim sai ɗif, duhu. Kaset ya maƙale cikin magneto, ba ya fita sai wuta ta dawo. Wani lokaci har gari ya waye ba ta dawo ba, sai Kawu ya ɗauki magneton gaba ɗaya ya sa a taksi, ya kai wa Hamadu ya ciro kayansa. Haka muka kalli rabin finafinai da yawa, ba mu taɓa sanin ƙarshensu ba. Sai mu jawo tabarma zuwa gindin murhu, kamar kajin da ruwa ya kora.

"To, kun dawo? Ina aka tsaya?" in ji Kaka.

Mu ba ta labari, muna katse juna. Wani saurayi ne aka kashe babansa, yana neman wanda ya kashe shi, ga kuma wata mai dogon gashi tana ta waƙa cikin ruwan sama.

"Yarinyar nan ba ta da uwa ne, take rawa cikin ruwa? To ku ji abin da ya faru."

Sai ta ƙarasa mana fim ɗin da ba ta kalla ba. A bakinta saurayin yakan iso har bakin gulbi, ya hau kwalekwale, ya ci tuwo a gidan wata tsohuwa mai ƙosai. Ba mu taɓa yi mata musu ba.

A irin wannan daren ne ta ba mu tatsuniyar garin da ya daina rufe wuta. Ta ce a da can akwai wani gari, inda kowace mace idan ta gama girki takan zaɓi garwashi mai kyau, ta rufe shi da toka, ya kwana da rai. Da safe ta tone, ta hura, wuta ta tashi. Wadda tata ta mutu sai ta aiki yaro da kasko gidan maƙwabciya. Wata rana sai ga baƙo da wata tukunya mai ci da wuta dare da rana. Ya zauna a bakin kasuwa ya ce kowa ya kawo ɗan gero, ya ɗebi wuta duk lokacin da ya so. Mata suka ga sauƙi. Me zai sa a yi ta ɗawainiya da toka? Aka daina rufe wuta, har ƴan matan da suka taso ba su san yadda ake yi ba. Tsohuwa ɗaya ce ta ƙi bari. Kowane dare tana jan toka tana waƙa:

Toka, toka, rufa mini asiri,
Gobe da safe ni da ke ne.

Yara suna binta da dariya. Sai da damina ta yi tsakiya, itace duk ya jiƙe, aka wayi gari baƙo ya ɗauki tukunyarsa ya ƙara gaba, ba ko sallama. Gari ya kwana da yunwa ga gero cike da rumbu. Ƙarshe aka yi layi a ƙofar tsohuwa, kowa da kaskonsa. Ta ce ba za ta ba kowa ba sai ya durƙusa ya koyi rufe wuta, ya kuma rera waƙar.

Na ce, "Kaka, ina baƙon ya tafi?"

"Inda aka fi ba shi gero. Abin haya bai san sunanka ba, maigida."

Kawu Isufu yana gefe yana fifita da kwali. Daren nan ya ce wannan ta fi fim ɗin Hamadu. Washegari ya sayo pil, wato batir, ya zuba wa rediyonsa mai kaset, kuma duk daren da kuran ya ɗauke sai ya ajiye ta kusa da ƙafar Kaka. Ita kuwa ta ce a rufe abin da zane, ba ta son yana kallonta. Tatsuniyar rufe wutar ya fara sa ta maimaita. Kafin damina ta sauka an cika kaset uku.

Bayan rasuwarta kaset ɗin suka dawo hannuna. Ban yi lakwal ba, wato boko, keken ɗinkin babana na gada. Na yi aure, na koma unguwar Darussalam, ina tafe da su cikin gwangwanin biskit. Da rediyo masu kaset suka fara ɓacewa, na kai su wurin masu tura waƙa a kasuwa, wani yaro ya juye mini su a kart memuwar, tare da waƙoƙin da nake ji a shago. Ba a daɗe ba zafi ya narkar da zaren kaset ɗin, ban damu ba tunda Kaka tana cikin salula. Ba a sa musu suna ba, lambobi ne kawai, ni kuma ban iya karatu ba balle in damu da suna. Da kunne nake nemanta. Na san tana bayan wani mai gurmi, kafin a kai ga wa'azi.

Bara ƴata Rakiya, wadda take lise, wato babbar sakandare, ta sa mini wani abu a salula na jin waƙa ta intanet. Ana biyan abonema duk wata, kuma sai kana da forfe, wato kuɗin hawa intanet. Na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Waƙoƙin da rabona da su tun ina saurayi, tana taɓawa sai ga su. Wata ranar Lahadi ta ce kart ɗina ya cika, tana son wurin ajiye darussanta.

"Baba, in share waƙoƙin nan? Duk suna can."

"Duka?"

"Duka. Babu waƙar da babu a ciki, ta duniya gaba ɗaya."

Na ce ta share. A tunanina a lokacin, duk abin da salula ta taɓa rerawa ya riga ya hau can sama inda sauran suke, kamar yadda ruwan kowane kwazazzabo yake ƙarewa a gulbi. Ita kuma lambobi ta gani, ta ɗauka waƙoƙin kasuwa ne. Ba ta san akwai Kaka a tsakaninsu ba, domin a shago nake jin ta, ni kaɗai, idan aiki ya yi sauƙi.

Sai bayan kwanaki na nemi muryar. Na ce Rakiya ta kirawo mini ita. Ta tambayi sunan mawaƙiyar, na ce Zainabu. Zainabu suka fito rututu, ba tawa. Da ta gane abin da ya faru, sai ta ajiye salular a kan keke. Muka koma kasuwa. Masu gyara suka duba, suka ce darussan sun riga sun hau kan wurin, ba abin da za a tono.

"Baba, ka yafe mini," in ji ta a hanya.

"Kin tambaye ni, na amsa. Ina laifinki?"

Lokacin na fara zuwa makarantar yaƙi da jahilci da yamma. Da hannuna ya ɗan faɗa, na zauna na rubuta a wurin nema, baƙi bayan baƙi, toka toka rufa mini asiri. Na san babu. Amma na so in tambaya da kaina, in ji amsar da kaina. Abin ya yi ta juyawa, ya kawo mini waƙoƙin wasu mutane. A watan da ciniki ya ja baya ban sabunta abonema ba, har waƙoƙin samartakar tawa suka rufe ƙofa. Sai na tuna da Hamadu. Shi ko ba komai yakan gaya maka tun farko cewa baƙo ne ka ɗauka.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan a kan ragwancin matan garin take. Yanzu ina ganin ba ragwaye ba ne, mutane ne irina, da suka ga sauƙi suka karɓa. Kuma na lura da abin da ban lura da shi ba a da. Tsohuwar ba ta raba garwashi kawai ba, sai da ta sa kowa ya koyi waƙar da bakinsa. Ni kuwa shekara talatin ina ajiye da Kaka, daga gwangwani zuwa kart, ban taɓa zaunar da ƴaƴana na ba su tatsuniya ko ɗaya ba. Na bar wa na'ura ta tuna mini.

Kuran yana ɗaukewa har yau. Wani dare bayan isha da ya ɗauke, na kira Rakiya da ƙannenta tsakar gida, kusa da murhun gawayin uwarsu. Na ba su labarin garin da ya daina rufe wuta. Muryata ba ta waƙa ba ce, ƙaramin ya yi ta dariya. Rakiya ta ɗaga salula za ta ɗauka, na ce ta ɗauka, amma sai ta fara rerawa tukuna. Ta rera, na gyara mata wurin da Kaka take jan "safe", ta sake. A karo na uku sai da na kau da kai.

Na zauna na lissafa abin da ke cikin kaset ukun nan. Tatsuniya goma sha ɗaya ce, na tuna huɗu daga farko har ƙarshe. Waƙoƙi shida, ɗaya ta rage mini. Akwai ƙarshen fim biyu da ba a taɓa yin su a ko'ina ba. Akwai tarin Kawu Isufu, shi ma ya rasu. Sai wuri ɗaya, kusa da ƙarshen kaset na biyu, inda ta tsaya da labari ta ce, "Maigida, barci kake yi?" wani yaro ya ce a'a.