Suna Ɗaya a Rajista

Teburin da nake sayar da waakye, shinkafa da wakenmu, yana jingine da katangar wata makarantar firamare a Maamobi, don haka kullum wajen ƙarfe takwas ina jin ana kiran suna. Malama ta kira, yaro ya amsa da "Firezan, Madam," ta wuce na gaba. Shekara da shekaru ina jin wannan, amma har yau in aka fara sai ludayin ya yi mini nauyi a hannu. Masu saye suna ɗauka gajiya ce. Kishi ne, kuma tsoho ne, ya girmi 'ya'yana duka.

Mu biyu muka taso a ɗakin Kaka a Nima, ni da 'yar wan babana. Wata uku ne tsakaninmu, kuma dukkanmu sunan Kaka aka sa mana, don kowane ɗa yana so uwarsa ta san shi ya fi ƙaunarta. A makaranta kuma aka haɗa mana da sunan kakanmu namiji, tsohon soja, wanda da shi ake rubuta duk jikokin gidan. Suna ɗaya, sunan gida ɗaya, aji ɗaya. Har faɗin goshin Kaka sai da muka raba. In muka ɗaura ɗankwali muka sa kayan makaranta, masu haya a gidan ma sai sun duba da kyau.

Bambancin yana wajen iyaye. Babanta yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema, yana zuwa duk ƙarshen mako ya ce ta kawo littattafanta ya gani. Nawa uban direban babbar mota ne, yana iya wata biyu a hanyar Bawku, mahaifiyata kuma ta sake aure a Alajo. Ba wanda yake buɗe jakata.

A lokacin an matsa wa makarantu a kan zuwan yara. Yaro ya yi kwana uku ba a gan shi ba, sai malamarsa ta biyo shi gida da rajista a hammata, in abin ya ci gaba kuma shugaban makaranta ya kai maganar ofishin ilimi. Kaka ba ta tsoron wuta, ba ta tsoron ruwan da ke cika babbar kwata da damina, amma tana tsoron takarda. Matar soja ce. Duk wanda ya shigo gida da littafi a hannu, a wajenta gwamnati ce ta zo.

Da muka shiga aji huɗu aka ba mu sabuwar malama. Tana kwafe sunaye cikin sabuwar rajista ta ga suna ɗaya sau biyu a jere, ta ɗauka kuskuren wadda ta gabace ta ne, sai ta rubuta sau ɗaya. Mun fi saba'in a ajin, uku uku a benci. Ta kira sunan, muka amsa tare, ba ta ɗaga kai ba. Abin ya ba mu dariya, muka zo da shi gida a matsayin labari.

Kaka tana tsince wake a faifai. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaya da Hausarmu ta Zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji:

"Sau nawa Madam ya kira?"

"Sau ɗaya, Kaka."

Ta ce to, ta ci gaba da tsintarta. A shekarar ne bayanta ya fara ciwo, ba ta iya sauke tukunya ita kaɗai. Bayan kwana biyu ta dube ni ta ce, "Kai, gobe ba ka zuwa sukul. Hannunka ya fi ƙarfi." Goben nan ta zama mako, makon ya zama zangon karatu.

Ba zan ce Kaka muguwa ce ba. Da waakyen nan take ciyar da mu duka. Amma in na ce ban ji haushi ba na yi ƙarya. Da asuba ina hura itace, hayaƙi na cin idona, karan dafi na rina ruwan tukunya ya yi ja, takwarata kuwa tana tsakar gida tana shafa wa ƙafafunta man kaɗanya. Rigar makarantar ruwan ƙasa ce da rawaya, wadda 'yan makarantun kuɗi suke yi wa tsiya, ni kuwa ban taɓa ganin tufa mai kyanta ba sai da ta fi ƙarfina. Tawa ta matse ni, aka ba wata yarinya a gidan. Takwarata ta dawo da rana tana warin alli, tana rera waƙar lissafi, ni ina warin shito, soyayyen yajin waakye, da albasa. In ta ce in zo ta nuna mini abin da aka koya, sai in ce ina da aiki. Na fi son in rasa da in karɓa a hannunta.

Har 'yar mai sayar da dokunu, tuwon masara, a layinmu na yi wa kishi, yarinyar da ke ɓuya a bayan tankin ruwa don kada ta je makaranta. Wata safiya malamarta ta zo, ta tattare zaninta ta tsallako kwata, ta kamo ta a kunne. Yarinyar tana ihu, mutane suna dariya. Ni ina tsaye da tire a kai, ina fatan da nawa kunnen aka kama. Ita an san ba ta nan. Ni kuwa kullum ina nan, an rubuta da biro.

Sai ƙarambau ya kama takwarata. Aka shafe ta da farar ƙasa, aka kwantar da ita a tabarma. Kwana na biyu Kaka ta fara kallon ƙofa. Da yamma ta ɗauko rigar daga ƙusa ta miƙo mini.

"Gobe ka tafi. In ya kira, ka amsa. Kada ka yi surutu."

Ban bari ta rufe baki ba na karɓa. Da gudu na je. Na zauna a wajen zamanta, aka kira sunanmu, na amsa da ƙarfin da ya sa ajin ya waiwayo. Malama ta ce muryata ta buɗe yau. Kwana tara na yi. An riga an wuce ni a lissafi, rabawa mai tsawo ta zame mini baƙuwa, amma na kwafe komai, har abin da ban gane ba. Kuma zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa malamin makarantar allonmu ba: duk sallar da na yi a kwanakin nan sai na roƙi Allah kada ƙurajen su bushe da wuri. Ban roƙa mata mutuwa ba. Ƙari kawai nake nema, ko na mako ɗaya.

Suka bushe. Na wanke rigar na mayar ƙusa. A ƙarshen shekara aka ba ta kyautar wadda ba ta cika fashi ba, littafi da takarda mai hatimi, babanta ya sa a gilashi. Sunana ne a jiki, harafi da harafi. Ni nake goge gilashin duk ranar Juma'a.

Yanzu abubuwa sun sake. Kowane yaro yana da lambarsa, ana shigar da shi a na'ura da ranar haihuwarsa. Ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi kwana biyu, kafin azahar wayata ta yi ƙara, ana tambaya daga makaranta. Iyaye da yawa suna ƙorafi an dame su. Ni in suka kira har godiya nake yi.

Takwarata ce ta yi mini bayanin lambobin. Ita ce shugabar wata makaranta yanzu, tana saukowa daga trotro, motar haya, ta biyo ta wajena wani lokaci, da jakarta da gilashin ido. Kwanakin baya ta zauna a bencina tana ba ni labarin yadda take bin yaran da suka yi fashi gida gida. Sai ta juya cokali, ta ce:

"Takwara, ka tuna ƙarambau ɗin nan? Da ka ƙi zuwa, kwana uku Madam zai zo gida. Zai gan mu mu biyu. Dole ya rubuta ka."

Sama da shekara ashirin ina ɗora laifin a kan Kaka, da malamar, da babana. Ban taɓa lissafa wannan ba. Sau ɗaya tak aka samu gurbi a rajistar da zai kawo wani ƙofar gidanmu, ni kuma na tafi da gudu na cike shi. Na tambaye ta yaushe ta gane haka.

"Tun lokacin," in ji ta. "Ina kwance ina addu'a ka tafi. Ina tsoro in Madam ya zo, Kaka ya ce tunda ni ne marar lafiya, ni zan zauna gida."

Ban ba ta labarin tawa addu'ar ba. Na zuba mata waakye, na sa taliya da ƙwai yadda take so. Naman dai ƙarami na zaɓa mata. Ta gani, ta cinye.