Na Tallata Man Inna, Na Fitar da Kaka Daga Gida

Ni mutuniyar Dogon Dutsi ce, kuma lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da barin lise ba, wato babbar sakandare. Na ci birbe, jarrabawar ƙaramar sakandare, na faɗi bak, ta ƙarshe, na ce ba zan sake zama aji ba ko za a yanka ni. Haƙuri ba ya cikin halina, kowa a unguwa ya sani. In na yi magana sau ɗaya ba a gane ba, ta biyu da faɗa take zuwa. Na rubuto muku ne saboda ina ganin ƴan mata da yawa suna ɗaga salula a tsakar gida suna tallar kaya, kuma babu mai gaya musu abin da ke iya biyo baya. Ba zan faɗi sunan kowa ba.

Innata man gujiya take yi da ƙuli-ƙuli tun kafin a haife ni. Masu butik, wato kantunan kasuwa, su ne manyan masu sayen manta, sai matan unguwa da ke zuwa da kwalba. A gidan akwai Baba, mai sayar da hatsi a kasuwa, da mahaifiyarsa, Kakata, wadda aka ɗauko daga wani ƙauye na wajen Kieshe bayan rasuwar mijinta. Kaka ta zo da kayanta, cikinsu har da wanda ba a magana a kansa. A kusurwar gabas, bayan ɗakinta, akwai wata ƴar tukunya da aka binne rabinta a ƙasa, da baƙin ƙyalle ɗaure a jikin wani icce. Wurin Doguwar gidansu ne, iskar bori wadda ta gada daga uwarta. Kaka tana salla tana azumi, kuma kowace safiya tana share wurin. Maƙwabta sun sani. Limamin unguwa ya sani. Samarin ƴan kasuwa masu wa'azi, waɗanda Baba ke tsayuwa sahu ɗaya da su a masallaci, su ma sun sani. Amma ba wanda ya taɓa buɗe baki, don tsohuwa ce, abin kuma a bayan katanga yake. Doka ɗaya ce a gidan: ba a nuna wurin da yatsa, ba a kai baƙo can.

Ni da Kaka kuwa wasa ne tsakaninmu tun ina rarrafe. Mai bakin reza take kirana, ta ce duk wanda zai aure ni sai ya fara sayen audugar toshe kunne. Ni kuma in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ƙi tafiya ta bar mana ɗaki. Haka muke gaisawa da safe, wannan ce ina kwananmu.

Yayana yana aiki a wani buro, wato ofis, a Dosso. Da ya zo hutu ya tarar ina ƙorafin cewa sana'ar Inna ba ta gaba, sai ya karɓi salulata ya saka sana'ar a taswira da wurin bincike na intanet: sunan kaya, sunan gari, lambar waya, da Hausa da Faransanci. Ya ce duk wanda ya zauna ya rubuta yana neman man gujiya a Dogon Dutsi, da buƙatarsa ya taho, kuma mai kawai zai gani. Mai kallon bidiyo kuwa, in ji shi, yana kwance ne yana kashe lokaci, ba mai yake nema ba, abin magana yake nema. Na ce masa wannan dabara tasa allo ce da aka kafa a daji, sai ɓataccen matafiyi zai karanta. Ya yi dariya ya ce in jira. Kira ya riƙa zuwa jefi-jefi: wani direba da ke wucewa kan gudron, babban titin kwalta, wata mata mai gidan abinci a Yamai. Duk wanda ya kira sai ya saya, wannan gaskiya ne, amma ni jira ne ba na iyawa, alhali ina ganin sa'o'ina suna juya kwalba a gaban salula, dubban mutane na kallo.

Sai na yi nawa bidiyon. Na zaga gidan ina neman inda haske ya fi kyau da safe, inda babu tarkacen murhu da kashin kaji, kuma wuri ɗaya ne tak mai tsabta haka. Kun san wanne. Na jera kwalabe a kan turmi, na tsaya na juya wa kusurwar baya, na ɗaga mai ga rana yana walƙiya, na zuba surutu. Na ga tukunyar da ƙyallen a gefen hoton kafin in saki. Ba zan yi ƙarya in ce ban gani ba. Na dai ce a raina wa zai kula da tsohuwar tukunya.

Kafin yini ya ƙare bidiyon ya tashi yadda ban taɓa gani ba. Da na shiga karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙasa, babu mai tambayar kuɗin lita. Wani ya zagaye tukunyar da jan layi. Wani ya ce ashe shi ya sa man gidan nan ba ya ƙarewa. Wata ta ce ta gane katangar, ta faɗi unguwar. A nan mai hankali zai goge ya je ya durƙusa gaban tsohuwa. Ni sai na ga masu kallo suna ƙaruwa, zuciyata ta ce talla ce ta zo har gida. Washegari na koma wurin na yi wani, a wannan karon na matsa gefe don a ga kusurwar da kyau, ina dariya ina cewa man gidan Doguwa ne, wanda ya ci sai ya dawo. Ina cikin ɗauka na ji ƙarar tsintsiya ta tsaya a bayana. Kaka ce. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni a hankali su wa ke cikin abin da na riƙe, na ce mutane ne, na ko'ina. Ta dube ni, ta ce to na shigo da su, sai in san yadda zan fitar da su. Ta jingine tsintsiyar ta shiga ɗaki. Da safiyar da ta biyo na tsokane ta da tsohuwa mai ran ƙarfe, ta amsa mini da lafiya lau, ya kwanan gida.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a hankali, kuma hankalin ne ya fi ba ni tsoro. Matan unguwa suka rage zuwa da kwalba. Wadda ta zo ma ba ta wuce zaure, idonta na leƙen gabas. Masu butik suka ce wa Inna akwai sauran kaya, a dakata, ranar kasuwa ta zo ta wuce, suka sake cewa a dakata. Salulata kuwa ba ta huta ba, amma ba masu sayen mai ba ne. Mata na neman Kaka ta yi musu aikin haihuwa, wani mutum da ban san muryarsa ba ya ce yana da abokin gaba, a faɗa masa abin da tsohuwa ke karɓa. Wani mai kabu-kabu ya kawo baƙi biyu har ƙofar gida, suka tsaya suna ɗaga salula ta saman katanga. Na goge bidiyon duka biyun, amma an riga an sauke su. Wani ya yanke wurin da nake dariya, ya ɗora muryar wa'azi a kai, abin ya shiga yawo daga waya zuwa waya. Na ji muryata tana fitowa daga salular wani a tasha, na ja mayafi na rufe fuska.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, samarin kasuwa suka raka Baba gida. Ina bayan ƙofar zaure ina ji. Ba su zage shi ba, ba su ɗaga murya ba. Suka kira shi Baba, suka ce shekara da shekaru sun yi shiru don girman tsohuwa, kuma abin a ɓoye yake. Yanzu kuwa ƴarsa ta fito da shi tana talla da shi, yara na kallo suna tambaya, su kuma ba za su iya cewa ba su gani ba. Suka ce ba za su taɓa komai da hannunsu ba, gidansa ne, shi ya san abin da ya dace. Bayan sun tafi Baba ya shigo ya zauna a kan tabarma, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Na so ya mare ni. Ko kallona bai yi ba. Mutum ne da aka tsayar tsakanin uwarsa da sahun sallarsa, kuma ni na tsayar da shi.

Kaka ba ta bari ya yi magana ba. Ita ta fito ta ce masa ɗan nan, kada ya wahalar da bakinsa, ta yi kewar ƙauye, damina ma ta kusa, akwai mai buƙatar a tsare masa awaki. Ta tone tukunyar da hannunta, ta ƙi bari kowa ya taya ta, ta naɗe ta cikin baƙin ƙyallen, ta sa a kwando ƙarƙashin zannuwanta. Na ɗaukar mata kwandon zuwa tasha, ta bar ni na ɗauka, a can ta karɓa ta shiga mota, mota ta tashi. Da na dawo na tarar Inna tsaye a kan ramin da tsintsiya a hannu, ta rasa ko ta share ko ta bari.

Yanzu sana'ar Inna tana numfashi, amma ba kamar da ba. Wasu masu butik sun dawo, wasu har yau. Abin da ya riƙe mu a lokacin da kowa ya janye shi ne allon nan na daji da na yi wa dariya. Matar Yamai ba ta taɓa ganin bidiyon ba, ko ta gani bai dame ta ba. Mai take so, shi ta rubuta ta nema, shi ake ɗora mata a mota cikin bidon, wato jarka. Yaya bai taɓa tuna mini maganarsa ba, ni ce nake tuna wa kaina.

Ban rubuto don in kare bori ba, ni ma salla nake yi, kuma ban ce kowa ya daina bidiyo ba. Abin da na koya shi ne, mai bincike kaya ya zo nema, ya samu ya tafi. Mai kallon bidiyo kuwa gidanki kika buɗe masa, kuma ba ke za ki zaɓa masa inda zai kai ido ba. Ƴar uwata, kafin ki danna, ki juya ki dubi abin da ke bayanki. A garuruwanmu akwai gidaje da yawa da ke zaune lafiya saboda wani abu da kowa ya sani ba a faɗa. Yawan masu kallo ba ciniki ba ne, kuma abin da kika saki ba ya komawa cikin salula.

Bayan girbi na je ƙauye na gaishe ta, na kai mata goro da mai. Ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, wadda ake ajiye wa baƙi. Ta tambayi Baba, ta tambayi Inna, ta tambayi hanya da gajiya, ta sa mini albarka. Na zauna ina jira ta kira ni mai bakin reza. Har na tashi tafiya, sannu da zuwa kawai take ce mini.