Safiyar da Inna ta hana daka

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta safiyar da surukata Inna ta hana daka a unguwarmu a Karare saboda wata 'yar kwalba da ba ta fi tsawon yatsa ba.

Zamanin da kuɗin mai ya buɗe ne, kowane malamin firamare ya yi sabon babur, har da maigidana da ke koyarwa a Safana. Ya zo hutun ƙarshen mako a tsakiyar tsarkina, ya juya ranar Litinin, motar gyaɗa ta banke shi kafin ya kai Runka. Shi kaɗai Inna ta haifa, ni kuma tun da aka kawo ni gidan ko ɓatan wata ban taɓa yi ba.

Ina cikin takaba sai lokacin al'adata ya zo ya wuce shiru. Ga kasala, ga tashin zuciya. Na tsegunta wa yayata da ke aikin jinya, ita kuma, da ba ta iya zama da magana, ta sa aka sayo mata abin gwajin ciki a wani kemis a Kano. 'Yar kwalba ce a kan maɗori, da ɗan madubi a ƙarƙashi.

"Fitsarin farko na safe za ki ɗiga," in ji ta. "Ki bar shi kamar awa biyu, kada komai ya girgiza shi. In zobe ya fito a madubin, akwai ciki."

To ina za a samu ƙasa mai natsuwa a Karare da safe, kowane gida turmi na amo? Na so a yi a ɓoye, don wallahi kunyar Inna nake ji kamar in nutse. Ashe tana bakin ƙofa ta ji komai. Gari na wayewa ta yafa zane ta bi gida gida. Ban san me ta ce musu ba, na dai ji taɓare suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaure awaki, ta kora yara waje, ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da kwalbar. Matar da ko tabarmar da yaro ya jiƙa ba ta takawa, ga ta ta sa fitsarin matar ɗanta a gaba tana jan carbi.

Zobe bai fito ba. Muka leƙa, muka sake leƙawa, har idona ya fara ƙirƙiro mini shi.

"Wataƙila mun yi gaggawa," in ji yayata. "Wani lokacin sai cikin ya ɗan kwana biyu yake nunawa."

Da ma ba ta faɗa ba. Inna ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Ta hana ni jan guga, ta hana ni shara, kullum da fura da nono mai kyau daga danginta na Ruma. Ni ma, ban da abin mutum, har na fara zaɓen suna a zuci.

Ran nan da azahar ta kawo mini buta har ɗaki, kamar yadda ta tsiri yi. Na sunkuyar da kai.

"Inna, yau ba na salla."

Ta ajiye butar a hankali, ta dafa bango.

"To, 'yar nan," ta ce. "Yau ɗana ya rasu."

Kukan da muka yi ranar ya fi na ranar jana'iza, don wancan karon mutum ɗaya muka binne.

Daga baya yayata ta ce baƙin ciki kan riƙe al'adar mace, har ya kawo mata laulayin ƙarya. Na yi wani auren, Allah ya ba ni 'ya'ya, Inna kuwa ta koma ga Mahaliccinta ba jika. Abin da na koya shi ne, in mutum na cikin makoki, kada ka miƙa masa sa rai sai ka tabbata, don in ya suɓuce sabuwar mutuwa ka yi masa.