Hoton Inna da Yaya Ɗanlami ya goge wa tsaga

Bana shekara goma ke nan da rasuwar yayana Ɗanlami, malamin zane a Tudun Wada. 'Yan uwa sun ce in rubuta yabonsa. Na yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa, amma yabo kam a nema a wani wurin, domin har yau ina jin haushinsa.

Mahaifiyarmu, Inna, ba ta taɓa tsayawa gaban mai ɗaukar hoto ba. Da ƙyar ta yarda ya zana ta da allinsa mai launi, wanda ake murzawa da yatsa. Duk ranar kasuwa in ta sauko daga rugarmu ta wajen Riruwai, sai ta ajiye ƙwaryar nono ta zauna masa tana mita. Hoton ya fito ita sak, har da tsagar Fulani da ke gefen bakinta.

Ranar gamawa ina tsaye a kansa, Inna ta riga ta koma gida. Ya ƙura wa hoton ido, sai ya sa babban yatsa ya murje tsagar, ya bi kumatun da alli mai haske. Na ce ya mayar. Ya ce a falonsa zai rataye, abokan aikinsa za su gani.

Na ce, "Yaya, kunyar fuskar uwarka kake ji?"

"Gyara na yi mata," in ji shi. Ya fesa wa hoton ruwan ƙaro don kada allin ya ƙara motsi. Inna ba ta kai kakar wannan shekarar ba, ta rasu.

Da yana raye yau, na san murna zai yi. An rage yi wa yara tsaga, masu hoto suna wanke fuska tas, 'yan mata na ta shafa man ƙara haske. Zai ce ai shi ya riga kowa wayewa.

Ba na musun gwanintarsa, ita ce ma ta cuce ni. Hoton yana ɗakina tun da aka raba kayansa, kullum ina kallonsa. Kwanan baya 'yata ta tambaye ni ko tsagar kakarta biyu ce ko uku. Na rufe ido in hango Inna, sai matar nan mai sumul ɗin kumatu ta fito.