Jirin da Ya Sauke Mini Goyo

A lokacin ina da goyon fari, ina sayar da agushi a kasuwar Lafiya, kuma ni mace ce mai tsananin ƙin a ce ta gaza. Abin ya fara ne da ƙara a kunnena na hagu, kamar injin niƙa yana aiki daga nesa. Wata rana ina cikin awo sai kasuwar gaba ɗaya ta juya da ni, na rungume buhu ina amai. Maƙwabciyar rumfata ta ce jinina ne ya yi ƙasa, na yi ta shan madara da ruwan ganyen ugu mai ƙara jini. Wata ta ce iska ce, na sha hayaƙi har kayana suka yi ƙauri. Maigidana kuwa na ɓoye masa. In jirin ya taso sai in ce barci nake ji.

Kowace uwa ta san yadda ake goyo: ki sunkuya, ki ɗora yaro, ki ja zani. To sunkuyawar nan ce ke tayar mini da shi. Wata safiya na sunkuya da 'yata a baya, kafin in ɗaure zanin ƙasa ta koma sama. Na faɗi ta gefe, yarinyar ta zame dab da murhu, ga tukunya tana tafasa. Allah Ya tsare, amma a idon surukata aka yi. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi gara a yaye yarinyar da wuri, ta tafi da ita garinsu Kwandere. Na yi kuka har na gode Allah, don na san gaskiyarta ce.

Sai a nan na je asibiti. Likitan kunne ya ce abin da ke riƙe mutum a tsaye a can cikin kunne yake, nawa ne ya samu matsala, kuma lallaɓa shi ake yi, ba lallai ya rabu da ni ba. Ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri da magi, ya koya mini motsa kai da ido a hankali. Na ci miya lami ba ƙorafi. Na koyi goyo a zaune kan tabarma, ina gwadawa da ƙullin agushi, yaran gidanmu suna ta dariya wai na haifi miya. Da ƙarar kunnen ta canza, nan take nake neman ƙasa in zauna, ko a tsakiyar kasuwa ne.

Da na amince da kaina na je Kwandere, na zauna a gaban surukata na goyi 'yata, na miƙe a hankali. Ta daɗe tana kallona, sannan ta taso da kanta ta ƙara ɗaure mini majanyi.

Har yau jirin yana zuwa, amma kowa a gida ya san da shi. 'Yan uwana mata, in ƙasa na juyawa da ku, ku faɗa, ku je a duba kunnen, kada jin kunya ya sa ku yi irin tawa. Na dawo da 'yata, amma ranar da na miƙa mata nono kau da kai ta yi. Ta riga ta manta shi.